Abin da Wayar Safiyanu Ta Manta

Gwaggo 'Yar'azumi yayar mahaifina ce. A wata ruga gabas da Birniwa aka haife ta, cikin watan azumi, lokacin kakanmu yana da shanu. Fari ya zo ya kwashe shanun, kakanmu ya tattaro iyalinsa ya gangaro bakin fadama, ya koyi noman shinkafa da girmansa. Bayan sun sauko aka haifi mahaifina, Malam Yunusa, shi ya sa Fulatancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Ita kuwa Gwaggo da shi ta buɗe baki, kuma har yau in ranta ya ɓaci da shi take ƙunƙuni.

Ta auri wani masunci mai suna Umara, a wani ƙauye kusa da Baturiya. Dangi sun yi ta yi mata tsiya, wai 'yar da ta tashi da ƙamshin nono ta koma ƙarnin kifi. Ba ta kula su ba. Ta zauna wajen surukarta ta koyi bandar kifi, ita ce kuma sana'ar da ta riƙe har tsufanta. Ina yarinya nakan je hutu gidanta, in zauna nesa da hayaƙi ina kallonta. In an kawo kifi daga ruwa ba ta hura wuta sai ta tsince shi. Wanda cikinsa ya fara laushi, idonsa ya yi fari, shi ke fara hawa raga. Tarwaɗa mai rai kuwa sai ta bar ta a baho da ruwa, ta kwana. Haka take yi a cikin gida ma. Kifin da ya karye a wuta shi za a ci yau, mai kyau a rataye shi a kwando. Tumatirin da ya fara ruɓewa shi ke shiga miya. Sabon zane kuma yana ƙasan akwati, sai ranar da ba ta zuwa. Mukan yi mata dariya, mu ce Gwaggo ba ta taɓa cin abu yana da daɗinsa ba.

'Ya'yanta biyu ne suka rayu, Safiyanu da Adila, da tazara mai yawa a tsakaninsu. Safiyanu shi ne ɗan fari, kuma Gwaggo ta yi masa kunya irin ta mutanen da, wadda ko a ƙauye yanzu ba kowa ke iyawa ba. Ana yaye shi aka kai shi wajen kakarsa. Bai dawo gidan ba sai da mahaifinsa ya rasu, ya zo ya karɓi jirgi da komar kamun kifi. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Kafin a haifi Adila, "wancan" take cewa. Bayan an haife ta ya zama "yayan Adila". Akwai wani dillalin kifi mai sunansa da ke zuwa daga Haɗeja, shi ma ya rasa sunansa a bakinta, ya koma "mai jan babur". In Safiyanu ya shigo tsakar gida, sai ta tuna da wani aiki a ɗaki. In ya durƙusa gaishe ta, takan amsa tana kallon wuta. Adila ce ke kai masa abinci, ita ke kawo saƙonsa. Matan ƙauyen suna yaba mata, suna cewa 'yar asali ce.

Ni da Safiyanu taubasai ne, don haka tsakaninmu babu wannan. Ya girme ni sosai, amma duk ranar da ya kawo kifi kasuwar Haɗeja sai ya biyo gidanmu ya tsokane ni. "Injiniya" yake kirana, tun ranar da ya ji karatun kwamfuta nake yi a jami'a. Ni kuma in ce masa ya tsaya daga zaure, kada ya sa mana ƙarni a kujera. Yana da wata babbar waya da ya saya ta hannu, fuskarta da tsagewa a gefe. Bai sa mata makulli ba, ya ce hannunsa kullum a jiƙe yake, ba ya son wahala. A cikinta akwai manhajar nan ta gajerun bidiyo, wadda ake ja da yatsa wani ya tafi wani ya zo. Kallo kawai yake yi. Ba ya danna alamar so, ba ya rubuta komai, kuma ya ce shi ba ya bin kowa a waya, tunda ko a gari ba ya bin kowa sai liman.

Wata rana ya tambaye ni wai me ake koya mana da har na rame haka. Lokacin ina aikin kammala digiri, a kan yadda shafukan intanet ke gyara kansu daidai da mai kallo. Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Na ce abin da ke zuwa masa a waya ba shi ke zuwa wa maƙwabcinsa ba. Manhajar tana lura da inda yatsansa ya tsaya, da wanda ya kalla har ƙarshe, da wanda ya maimaita, da wanda ya wuce da sauri. Daga nan take harhaɗa ko shi wane ne, ta riƙa kawo masa irin abin da ya tsaya a kai. Ya juya wayar a hannunsa yana murmushi.

"To ashe wannan ta fi Inna sanina," ya ce.

Na ce masa sai na faɗa mata.

"Faɗa mata mana, Injiniya. In kin gaya mata wanda ya faɗa, ai ba za ta iya maimaita sunan ba."

Muka yi dariya, ya ɗauki kwandonsa ya tafi.

Ina can kudu wajen bautar ƙasa babbar ambaliyar nan ta zo. Abin da na sani daga bakin Adila na ji shi. Ruwa ya shigo ƙauyen ta gabas, ya cinye gonakin shinkafa, ya fara cin katangu. Safiyanu ya wuni yana kwashe mutane da buhuna zuwa tudun bakin titi. Kafin ya fita ya naɗe wayarsa a leda, ya sa a cikin kwallar Gwaggo ta can sama, ya ɗaga murya yana gaya wa Adila inda ya ajiye, alhali Adila na tsaye a gabansa. Gwaggo na ƙofar ɗaki tana ɗaure kaya, ba ta juyo ba. A wata tafiyar, jirgin ya maƙale a cikin kachala, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa, igiyar ruwa ta buge shi ta gefe ya kife. Waɗanda ke ciki sun kama ciyawa har aka zo aka ɗebe su. Sun ce shi ya riƙa turo su. Shi ne ba a gani ba. An nema har aka gaji, aka yi masa salla babu gawa.

Gwaggo ba ta yi kuka a gaban kowa ba. In an yi mata ta'aziyya takan amsa kamar wadda aka gaya wa rasuwar ɗan maƙwabta. Ɗakinta ya faɗi, Adila ta koma gidan mijinta a Kafin Hausa, sai Baba ya ɗauko Gwaggo ya kawo ta gidanmu a Haɗeja. Da aka zo raba ɗan abin da mamacin ya bari, wani ya ce a sayar da wayar. Gwaggo ta ce a bar mata, fitilarta ta bi ruwa, da wannan za ta riƙa haskawa. Daga baya ta ce wa Baba a riƙa sa mata data, tana so ta ji wa'azi. Babu wanda ya yi tunanin komai.

Da na gama bautar ƙasa na dawo gida zaman jiran aiki, Gwaggon da na tarar ba ita na sani ba. Wuyanta ya yi tsawo, zane ba ya zama a ƙugunta. Tuwo sai ta gutsura sau ɗaya ta ture. An kai ta asibiti, aka ce hawan jini ne, aka ba ta ƙwayoyi. Kowa ya ce rashin ɗa ne, ita dai ba za ta faɗa ba. Amma akwai abubuwan da rashin ɗa kaɗai bai bayyana min su ba. Ba ta leƙa randa in za ta ɗebi ruwa, sai ta kau da kai ta zura moɗa. In hadari ya haɗu sai ta fara ɗaure kayanta. Kullum bayan la'asar takan ɗauki tabarma ta koma bayan madafa, kusa da turken awaki, ta lulluɓa da mayafi har ka, ta daɗe. Mun ɗauka lazimi take yi.

Sai kuma tambayoyi. Wata rana muna tsince shinkafa ta tambaye ni ko akwai garin da ruwa ke cinye gidan bene. Na ce akwai. Ta ce su Turawa ma ruwa na cinsu? Na ce yana ci. Ta ce to ina mutane za su, tunda ko'ina ya nutse. Na ce mata ba ko'ina ba ne, damina ma ta wuce. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ake ɓoye wa labari.

Ranar da na gane, ita ta kawo min wayar da kanta. Manhajar ce ta ƙi buɗewa, tana neman a sabunta ta. Ta same ni a ɗaki da hantsi, ta tura ƙofa, ta ciro wayar daga cikin zanenta ta ce fitilar ce ke mata gardama. Na kunna fitila, ta kama. Ta ce ba wannan ba. Ta miƙo yatsa ta nuna min alamar manhajar, ba ta kalle ni ba.

Na sabunta, na buɗe. Abin da ya fara fitowa wata mata ce a kan rufin gida, ruwa ja yana wucewa da mota. Na ja. Jirgi ya kife a wani kogi, mutane na ihu da wani yare. Na ja. Maza sun jera gawawwaki a bakin gaɓa an rufe su da ganye. Na yi ta ja, ina neman inda zai canza. Bai canza ba. Ambaliyar ƙasashen da ban san su ba, da ta shekarun da suka wuce, da wadda ma daga gani haɗa ta aka yi da kwamfuta. A tsakani sai tallan rigar da ke hana nutsewa.

Na ce, "Gwaggo, wannan kike kallo kullum?"

Ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Da ta fara magana, ba ta ce ɗana ba, ba ta ma ce yayan Adila ba. "Mai wayar" ta riƙa cewa.

Ta ce a farkon zuwanta gidanmu tana laluben fitila yatsanta ya taɓa wurin, sai ga wani mutum yana kwance injin jirgi. Ta tsorata ta kife wayar. Washegari ta sake taɓawa da gangan. Ta ga masu kiwon kifi a tanki, ta ga 'yan dambe, ta ga wani yana ƙera jirgi da katako. Ta tuna yadda mai wayar ke jan fuskarta da yatsa, ita ma ta ja. Ta gane cewa abubuwansa ne. Ba ta taɓa sanin yana son dambe ba. Ba ta san yana tunanin kiwon kifi ba. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, sai a bayan madafar ƙaninta ta fara sanin abin da ke ba shi dariya.

Sannan wata mata ta fito, Bafulatana, tana zaune a gindin bishiya tana koyar da Fulatanci a hankali, irin yadda ake koya wa Bahaushe. Yadda ake gaida uwa da safe. Yadda ake tambayar gajiya. Yadda ake cewa abinci ya yi daɗi. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, matar ta yi ta dawowa. Gwaggo ta ce sai ta tuna, a watannin ƙarshe, mai wayar yakan zo gaisuwar safe ya durƙusa ya yi jim kamar mai shirin faɗin wani abu, sannan ya gaishe ta da Hausa ya tashi. Ita kuma tana kallon wuta.

 

Ta ce abin da ta lura da shi shi ne, duk wanda ta kalla yau, gobe ba ya dawowa. Sai ta fahimci cewa mai wayar ne ya tara su a ciki, kamar hatsi a rumbu, kuma kowane kallo ɗiba ne. Wanda ya tara ba ya nan balle ya ƙara. Ta ga ta riga ta yi ɓarna a kwanakin farko, ta kalli matar nan sau da yawa ba tare da lissafi ba. A lokacin kuma hotunan ambaliyarmu sun fara shigowa jefi-jefi, tunda kowa a ƙasar nan su yake ɗorawa. Na farkon ta tsaya ta kalla har ƙarshe, ta maimaita, tana duba ko za ta ga shuɗiyar riga a cikin kachala. Ba ta gani ba. Sai wasu suka ƙaru. Ta ga sun fara cakuɗuwa da kayansa, sai ta yi abin da ta saba yi tun tana amarya.

"Na ce bari in fara kawar da marasa kyan," in ji ta. "In na ga nasa sai in wuce da sauri, kada ya taɓu. In na ga na ruwan sai in daure in kalle shi tas, don ya fita. Na ce in sun ƙare sai in zauna da nasa a tsanake."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ummu, ba sa ƙarewa. Wata nawa ina kwasa. Nasa kuma na daina ganinsu. Ke da kika yi karatun abin, duba min ƙasa, ko suna can."

Na yi jarrabawa da yawa a rayuwata, ban taɓa cin karo da tambaya mai wuya kamar ta ranar ba. Na fara da cewa babu ƙasa. Ba a cikin wayar suke ba, ba shi ya tara su ba, daga nesa ake turo su. Abin da ya bari a ciki ba hatsi ba ne, sani ne. Manhajar ta san shi, ta san inda yake tsayawa, shi ya sa take kawo abin da ta kawo. Kuma ba ta san ya rasu ba. Ba ta san hannu ya canza ba. A wajenta har yanzu shi ne ke riƙe da wayar, sai dai ya daina son dambe, ya daina son Fulatanci, tunda yana ganinsu yake wucewa. Yanzu ba abin da yake so kamar ganin mutane na nutsewa, tunda shi yake kalla har ƙarshe. Ita kuma aikinta ta ba mutum abin da yake so.

Gwaggo ba ta yi karatu ba, amma ba ta taɓa buƙatar a maimaita mata magana ba.

"Wato wanda na tsallake don in adana, shi na zubar."

Na ce ba laifinta ba ne, haka aka ƙera abin.

"Da hannuna," ta ce. Ta buɗe tafin hannunta tana kallo, duk tabon wuta.

A jami'a an koya mana cewa mutum na iya yin ƙarya da bakinsa, amma ba ya ƙarya da lokacinsa. In ya tsaya a kan abu, yana so. In ya wuce, ba ya so. A kan wannan aka gina komai, kuma malamanmu suna faɗinsa kamar abin da ba ya buƙatar hujja. Mutumin da ke cikin littattafan nan shi kaɗai ne da wayarsa, ba ya mutuwa ya bar wa uwarsa, ba ya jin kunyar abin da yake ƙauna, kuma in ya ga abu mai daɗi nan take yake ci. Ban san a wace ƙasa yake ba. A gidanmu dai, wanda aka fi so shi ake kau da kai daga gare shi.

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya wa kowa ba tun da wuri. Ta ce ta ce me? Ta je ta ce wa ƙaninta tana ɓuya bayan madafa tana leƙen kayan ɗan fari?

Na yi iya ƙoƙarina. Na shiga inda manhajar ke ajiye tarihin kallo, na tarar ba ya komawa baya da nisa, kuma duk abin da ke ciki ruwa ne. Na duba waɗanda yake bi, babu kowa, kamar yadda ya faɗa. Na duba abin da ya taɓa so, babu. Na rubuta neman masu koyar da Fulatanci, suka fito da yawa. Na riƙa nuna mata ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ba ita ba ce, waccan tana da tsaga a kumatu, kuma akwai ɗan maraƙi a bayanta. Ba mu same ta ba.

Da Baba ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce a ba shi wayar ya jefa a masai. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana cewa, "Adda, kashe kanki za ki yi a gidana ina kallo?" Ta ce masa ya je ya yi alwala, an kusa kiran salla. Ya tafi, don har yanzu ba ya iya musu da ita.

Sai na ce mata akwai dabara. Tunda abin koyo yake yi, a sake koya masa. In na ruwa ya zo ta wuce da sauri, in mai kyau ya zo ta tsaya. Ta ce wato ta ci mai kyau ta bar ruɓaɓɓe. Na ce haka ake yi a nan. Muka riƙa zama tare bayan la'asar, a fili yanzu, ba lulluɓi. Da farko yatsanta ba ya yarda, sai na kama hannunta na ja. A hankali ruwan ya fara janyewa. Shanu suka fara fitowa, da mata masu tallan nono, da wa'azi da Fulatanci, da wata ruga mai kama da wadda aka haife ta. Ta fara cin abinci. Baba ya ce Allah ya yi min albarka. Ni ma na ɗauka an gama.

Wata la'asar tana kallon wasu shanu suna ƙetare kogi, sai ta ajiye wayar a tabarma.

"Ina damben?" ta ce.

Na ce zan iya nemo mata dambe yanzu.

"Ke za ki nemo. Da shi ya nemo." Ta tura wayar gabana da yatsa ɗaya. "Wannan duk ni ce. Shanun ubana ne, da garinmu. Ni na san kaina, ba ni na zo gani ba."

 Gaskiya ta faɗa. Abin ya bar ruwa ya kama ta, kuma zai riƙe ta da kyau, ya fi kowa iya wannan. Shi dai mai wayar babu hanyar da za a dawo da shi, don ko na cika ta da dambe da injin jirgi, zatona ne nake zubawa, ba shi ba.

Ta tambaye ni ko akwai yadda za a yi abin ya manta da kowa. Na ce akwai, amma ta sani, wataƙila akwai ɗan ragowarsa a ciki da bai gama gogewa ba. Wata rana yana iya turo wani abu nasa, ko da guda ɗaya. In na share, wannan ma ya tafi. Ta ce in ya turo, ta yaya za ta gane nasa ne, ba nata ba, ba kuma nawa ba? Na ce ba za ta gane ba. Ni ma ba zan gane ba.

"To share," ta ce. "Ai dama fitila na ce."

Na share a gabanta. Da na sake buɗewa, manhajar ta yi mana maraba kamar baƙi, ta kawo wasu 'yan mata suna rawa, da tallan man shafawa, abin da take ba duk wanda ba ta sani ba. Gwaggo ta ce in cire ta gaba ɗaya. Ta kuma ce wa Baba ya daina sa data.

Da ruwa ya ja sosai, mijin Adila ya tayar wa Gwaggo da ɗaki ɗaya a ƙauyen, ta koma. Baba ya yi ta roƙonta ta zauna, ta ce hayaƙi take kewa. Ni har yanzu ina gida, ina aika takardun neman aiki. In ina kallon wayata yatsana ya tsaya a kan wani abu, sai in rasa ko tsayawa zan yi ko wucewa, don na san ana rubuta min wani abu da ban faɗa ba. Wani lokaci sai in kife ta in tashi.

Na je ganinta kwanan baya. Na same ta a rumfar banda, wadda ko da rana duhu ne a cikinta saboda hayaƙi. Masunta sun kawo kifi, ta tsince, masu laushin ciki suna kan raga, masu rai suna baho. Wayar na hannunta na hagu, cikin ledar nan, tana haska ƙarƙashin raga tana juya kifin. Wata maƙwabciyarta da ta shigo ɗibar wuta ta ce wannan waya ai ta fi ƙarfin fitila, ta wa ce? Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ce ta wani ce, ya bari.